Haƙora Huɗu a Kwalbar Turare

Da hantsi muka sauka a Delhi, ni da Hajiya Rabi, matata ta shekara arba'in da ɗaya. Ni ke riƙe da fasfo da babban ambulan na hoton kanta da aka ɗauka a Kaduna. Ita kuma tana riƙe da hannun rigata, saboda a lokacin idonta na dama ya fara ganin abu biyu-biyu. In ta zo gaban matakala ba ta sanin wadda za ta taka.

Wanda zai tarbe mu sunansa Nura, ɗan ƙasarmu ne, dillalin asibiti. 'Yarmu Asma'u ce ta samo lambarsa, ya yi mata alkawarin mota da masauki da likita. Muka tsaya a ƙofar fita muna duba allunan da mutane ke ɗagawa, kowanne da suna a jiki, babu namu. Azahar ta yi, la'asar ta yi. Da farko wayarsa tana shiga ba a ɗauka, daga baya ta daina shiga gaba ɗaya. Abin da yara suka tura masa tun muna gida ya tafi ke nan, kuma har yau ban san kamanninsa ba.

Ni direba ne mai ritaya. Shekara talatin da biyu na yi ina tashi daga gidana a Kawo ina jan motar ma'aikata. Karatuna bai wuce firamare ba, Turancina kuma na bakin sitiyari ne, wanda na tsinta a wurin manyan da na ɗauka. Amma da shi na saba shiga gaba a kowane lamari na gidana. A banki ni ne, a makarantar yara ni ne, a asibiti ma ni ne mai magana. Ranar nan a filin jirgi na ga iyakarsa.

Wani dattijo mai tura amalanken kaya ne ya lura da mu. Ya ga Hajiya ta zauna a kan akwati ta dafe kunci, ya zo ya yi sallama irin tamu. Bayan sallamar ba mu da wata kalma ta tarayya. Na nuna masa ambulan, ya ɗaga hoton ya duba a haske kamar ya san abin, ya girgiza kai. Ya nuna mana wurin salla, ya tsaya a kan kayanmu har muka idar. Sannan ya kira wani mai tasi, ya yi masa dogon bayani yana nuna kan Hajiya. Na ciro kuɗi zan ba shi, ya mayar mini da hannuna a ƙirji. Ban tambayi sunansa ba. Ina sa shi a addu'a da "mai amalanke", na san Allah Ya gane shi.

Mai tasin ya kai mu wata unguwa a bayan wani babban asibiti, inda gidaje da yawa na majinyata ne 'yan ƙasashen waje. Muka samu ɗaki a bene na biyu. Abincinsu bai karɓe mu ba. Yajinsu daban, ƙamshinsa daban, ga Hajiya ba ta iya tauna da ɓangaren dama. Allah Ya sa ta ƙullo garin kunu da tsamiya a ƙasan akwati, abin da na yi ta faɗa a kai a gida ina cewa ƙarin nauyi ne. Maƙwabciyarmu, wata mata 'yar Afganistan da ta kawo mijinta, ta ara mana risho da tukunya. Da safe nakan leƙa taga in ga titi cike da kekuna da babura, in kasa kunne ko zan ji 'yan kamashon tashar Kawo suna kiran "Zariya! Kano! Saura mutum ɗaya!" Shekaru na yi ina tsine wa hayaniyar nan. A can kuwa da zan same ta da na biya.

Kwana uku muna zirga-zirgar buɗe kati kafin muka ga likitan ƙwaƙwalwa. Gajeren mutum ne mai furfura, ba ya gaggawa. Ya dubi Hajiya ya tambaya yaushe ciwon ya fara.

Na ce, "Wata takwas."

Ya sake dubanta ya tambaya ina ne yake mata ciwo.

Na ce, "Ido ne, sai jiri. Ta faɗi sau ɗaya a madafa."

Ya tambaya ko akwai wani abu kafin idon. Na ce babu, lafiyarta ƙalau, sai ɗan ciwon haƙori irin na kowa. A nan ya ajiye biro, ya ɗaga mini hannu kamar ɗan sanda a mahaɗa. Ya ɗauki waya ya yi magana da yarensu.

Wadda ta shigo doguwar mace ce baƙa, za ta kai shekara hamsin, ta naɗe jikinta da lafaya. Ta ce, "Salamu alaikum. Sannunku da hanya, mutanen gida." Na kusa miƙewa tsaye. Sunanta Malama Ihsan, tafintar Larabci ce a asibitin, Bahaushiyar Sudan. Kakanninta sun bar ƙasar Katsina da ƙafa za su aikin hajji, suka tsaya a hanya, suka zauna. Hausarta irin ta tsofaffinmu ce, har da kalmomin da rabona da ji tun kakata na da rai.

Ta ce, "Alhaji, likita ya ce a gaya maka da ladabi. Ni kuma zan gaya maka yadda ya faɗa. Ya ce fuskar ba taka ba ce."

Na ce, "Ai ba ta jin Turanci ne."

"To ga ni. Kai ka huta."

Ta jawo kujera ta zauna daf da Hajiya, ta juya mini baya. Ta ce, "Yaya, tun yaushe?"

Hajiya ta dube ni. Malama Ihsan ta ce, "Ba shi za ki duba ba, ni za ki duba."

Hajiya ta ce, "Shekara shida da azumin da ya wuce."

Daga nan ta fara magana, a hankali, idonta a kan tafin hannunta. Ta ce abin yana zuwa ne kamar an jona mata wayar lantarki daga gefen hanci zuwa muƙamuƙi, ya yi walƙiya ya wuce. Ta ce iska in ta taɓa kuncin yana tashi, asuwaki yana tayar da shi, har gefen mayafi. Ta ce bayan shekara biyu sai wurin ya fara mutuwa, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Ta ce ta gane haka ne a wurin alwala. In ta watsa ruwa a fuska, hagu tana jin sanyi, dama ba ta ji. Ta ce shekara huɗu ke nan tana wanke fuska sau uku, sannan ta shafa da hannu ta duba ko ruwan ya kai.

Ina zaune a bayansu ina ji. Ɗaki ɗaya muke kwana da matar nan, buta ɗaya muke alwala da ita, ban taɓa jin zancen ruwan nan ba.

Likita ya yago auduga ya murza ta siririya. Ya ce ta rufe ido. Ya taɓa goshinta na hagu, ta ce ta ji. Ya taɓa na dama, shiru. Ya taɓa kunci, ya taɓa haɓa, haka. Ya ce ta buɗe ido ta kalli gefe, ya kai audugar kan ƙwayar idon hagu, ta ƙifta da sauri. Ya kai kan na dama, idon ya tsaya a buɗe kamar ba a taɓa shi ba. Ya ce ta cije haƙora, ya dafa kumatunta biyu da yatsu, ya nuna wa Malama Ihsan yadda na dama ya faɗa. Sannan ya ce ta buɗe baki. Ya haska fitila, ya daɗe yana kallo. Ya tambaya ina haƙoran ɓangaren nan.

Hajiya ta buɗe jakarta ta ciro wata 'yar kwalbar turaren wuta, ta kwance murfin, ta zazzage a kan takardar da ke teburin. Haƙora huɗu ne, manya, na tauna. Ban san ta ajiye su ba, balle in san sun hau jirgi tare da mu. Likita ya juya su da bakin biro ɗaya bayan ɗaya. Babu rami, babu baƙi ko ɗigo. Ya yi magana gajeriya.

Malama Ihsan ta ce, "Ya ce lafiyarsu ƙalau." Ba ta juyo ta dube ni ba, kuma na gode mata da hakan.

Ni na sa aka cire su. Dole in rubuta wannan yadda yake. Ranar da ta fara dafe kunci na ce haƙori ne, domin ni ma na taɓa yi, aka cire na huta. Na kai ta wurin wani mai cire haƙori a bayan tasha, na nuna masa da yatsana wanda zai cire. Ciwo bai tafi ba, na ce ba a dace da mai laifin ba ne, aka cire na kusa da shi. Na uku a wani ƙaramin asibiti aka cire, ni na yi bayani, ita tana zaune. Da muka koma kan na huɗu, wani matashin likita ya ƙi. Ya ce shi bai ga abin cirewa ba, yana zargin jijiya ce, a je a ɗauki hoton kai. Ya rubuta takarda ya ba ni. Na fito ina huci. Yaro da bai kai ɗana na biyu ba zai ce mini ciwon haƙori sai an leƙa ƙwaƙwalwa? Ga shi na riga na faɗa a majalisarmu ta ƙofar masallaci cewa haƙori ne. Akwai tsoro kuma a ciki, ba zan ɓoye ba. Gani nake duk wanda aka tura cikin na'urar nan ba ya fitowa da labari mai daɗi. Na ninke takardar na sa a aljihu, na ce wa Hajiya likita ya ce ba komai. Bayan sati biyu na mayar da ita bayan tasha aka cire na huɗun.

Washegari aka sake ɗaukar hoton kanta, wannan karon da allurar da ke sa abin ya fito fili. Likita ya kira mu ya kunna allo. Ya ɗaga yatsunsa uku ya ɗora a gefen fuskarsa, ɗaya a goshi, ɗaya a kunci, ɗaya a haɓa. Ya ce akwai jijiya guda da ke fitowa daga gindin ƙwaƙwalwa ta rabu uku haka, ita ke kai labarin duk abin da fuska ta ji, ita ce kuma ke motsa naman tauna. Ƙari ne ya tsiro a jikin rigar jijiyar, can ciki inda rassan suka haɗu. Shi ya sa ciwon yake fitowa a haƙori alhali ba a nan yake ba. Ya nuna mana shi a allon, fari, ya kai ƙwan zabuwa. Ya ce irin wannan galibi ba ciwon daji ba ne, a hankali yake girma, amma yanzu ya danne jijiyar da ke juya ido, ya fara tura gindin ƙwaƙwalwa. In aka bar shi zai taɓa tafiya, ya taɓa haɗiya, daga nan sai abin da Allah Ya yi.

Hajiya ce ta yi tambayar, ba ni ba. Ta ce, "Malama, tambaye shi, da an zo tun yana ƙarami fa?"

Malama Ihsan ta mayar wa likita da tambayar. Ya ce ƙanana akan bi su da hoto a ga ko suna girma, ko a auna su da wani haske mai ƙarfi daga waje ya tsayar da su, ba tare da an buɗe kai ba. Wannan ya wuce nan. Sai tiyata. Ya lissafa abin da zai iya faruwa bai rage komai ba: zubar jini, shanyewar ɓangare, mutuwar fuskar ta zama ta dindindin, ko a rasa ta a kan teburin tiyata.

Aka kawo takardar amincewa. Hannuna ya riga ya tafi wajen biron kafin in yi tunani. Malama Ihsan ta janye shi.

"Alhaji, kan wa za a buɗe?"

Ta karanta wa Hajiya takardar layi-layi da Hausa. Hajiya ta tambayi abu uku ko huɗu, har da wanda ni bai zo mini ba, wato ko za ta iya sujada bayan an yi. Sannan ta karɓi biro ta rubuta sunanta da ajami, daga dama zuwa hagu, baƙaƙe tsaf kamar na allo. Shekara arba'in da ɗaya ni ke sa mata hannu, ko in ce ta dangwala.

Ana gobe tiyata, da la'asar, nas ta ce a tsefe kitso domin za a aske gefen dama. Idon Hajiya ba ya bari ta yi da kanta, Malama Ihsan kuma tana wani ɗaki da Larabawa. Na zauna a bakin gado na ɗauki tsinke. Ban taɓa tsefe kan mace ba. Ina ja tana cewa, "A hankali, Malam, ba taya kake kwancewa ba." Gashin ya yi fari fiye da yadda na sani.

Ina kan kitso na uku na ce, "Hajiya, akwai maganar da zan gaya miki. Likitan nan matashi, wanda ya ƙi cire na huɗu. Bai ce ba komai ba. Takarda ya ba ni a je a ɗauki hoton kanki. Na ɓoye."

Ta ce, "Na sani."

Tsinken ya tsaya a hannuna.

"Na gan ta a aljihun farar rigarka da zan yi wanki. Na kai wa matar maƙwabcinmu Malam Isa ta karanta mini. Na mayar da ita inda na same ta."

"Kin sani, kika bi ni aka cire na huɗun?"

"Ka ce mu je."

"Me ya hana ki magana?"

Ta ɗan juyo da ɓangaren da take gani sosai. Babu faɗa a muryarta. Ta ce, "Malam, a ina zan sa ta? In aka tambaye ni, kafin in buɗe baki ka amsa. Tun ina amarya haka ne. Da farko ina jin daɗi, ina cewa mijina ya tsaya mini. Daga baya na saba." Sannan ta ce, "Ni ma da nawa laifin. Da na gaya wa Asma'u."

Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ƙarasa tsifar tukuna, kar nas ta dawo ta same mu rabi da rabi." Na ƙarasa, hawaye na sauka a kan gashin. Sai da na gama ta ce, "Na yafe. In ban fito ba, kar ka gaya wa yara zancen takardar, zai ɓata tsakaninku. In na fito, kai ka san yadda za ka yi."

Da sassafe suka shiga da ita. Na zauna a ɗakin jira tare da mutanen da ba mu jin yaren juna, kowa da nasa a ciki. Maƙwabciyarmu 'yar Afganistan ta aiko mijinta, shi da ke fama da nasa ciwon, ya hau bene da ƙyar ya kawo mini busasshen inabi a ƙulle cikin hankici. Da azahar ta yi na rasa inda zan shimfiɗa darduma, wani tsoho mai jan ɗigo a goshi, wanda ba addininmu ɗaya ba, ya tashi ya janye kujeru biyu ya share mini wuri da ƙafarsa. Na yi azahar a nan, na yi la'asar a nan. Kwalbar turaren tana aljihuna, domin ta ba ni ajiya. Duk motsin da na yi sai in ji haƙoran suna ƙara.

Rana ta kusa faɗuwa likita ya fito da hular tiyata a kansa, Malama Ihsan na biye. Ya ce an cire kusan duka. Wani ɗan ɓalli ya manne a jikin babbar hanyar jini, ya bar shi da gangan, za a riƙa duba shi da hoto, in ya motsa a bi shi da haske. Ya ce tana numfashi da kanta, ta motsa hannu da ƙafa. Na durƙusa a wurin.

Bayan kwana shida sakamakon gwajin naman da aka ciro ya fito, ba daji ba ne. Walƙiyar ciwon ta tafi. Ganin biyu-biyu ya yi ta raguwa har ya daina kafin mu cika wata biyu. Amma jin fuskar dama bai dawo ba, likita kuma ya ce kada mu sa rai sosai, jijiyar ta daɗe a danne. Ya ja mana kunne a kan idon. Tun da ba ya jin komai, ƙasa za ta iya shiga ta yi masa rauni ba ta sani ba. Sai maganin ɗigawa kullum, da tabarau in za a fita, da wani ya riƙa duba mata shi.

Ranar da za mu taho Malama Ihsan ta zo sallama. Hajiya ta ba ta ragowar garin kunu da tsamiya, ta rungume ƙullin tana shinshinawa, ta ce haka ɗakin kakarta yake ƙamshi. Ni kuma ta ce mini, "Alhaji, bakin nan naka a riƙa taka masa burki." Na ce in sha Allahu.

Sati ɗaya da dawowarmu na tara yara biyar a tsakar gida, na ajiye kwalbar a kan tabarma, na gaya musu zancen takardar tun daga farko. Asma'u ta tashi ta fita, ta yi wata guda ba ta gaishe ni da baki ba sai da kai. Ban ga laifinta ba. Na nemi matashin likitan in ba shi haƙuri, aka ce ya bar garin.

Yanzu shekara biyu ke nan. Ɓallin bai motsa ba. Duk lokacin da muka je a duba hoton, likitocinmu sukan fara da ni, saboda ni ne mai gemu da babbar riga. Sai in ja kujerata baya in ce, "Ga ta nan." Har yau sai na danne harshena, ba wai ya daina ƙaiƙayi ba ne.

Maganin idon ni ke ɗiga mata, na haɗa shi da lokutan salla don kada in manta. In tana cin abinci ina lura da gefen leɓenta na dama, in tuwo ya tsaya in yi mata alama. Kafin in fita masallaci kuma nakan tsaya a bakin rariya har ta yi alwala. Takan wanke fuska sau uku, ta ɗago ta juyo mini da ɓangaren dama.

"Malam, ya kai?"

Sai in sunkuya in duba tun daga goshi har haɓa, wurin da ya kamata a ce ita ke ji da kanta. Wannan kaɗai ce tambayar da ta rage da nake amsa mata, kuma ba na amsawa sai na duba da kyau.

"Ya kai, Hajiya."